Hayar mota da rabin kuɗi: sa'a ce ko tarko?

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara. Na samu aiki bara, amma tsakanin gidana da wurin aikin kusan kilomita 40 ne, kuma hawa da saukar motocin haya ya gajiyar da ni. Ba ni da halin sayen sabuwar mota, shi ne na fara bincike a kan hayar mota ta dogon zango, wadda mutum zai riƙe shekara uku yana biya duk wata sannan ya mayar. Kamfanoni biyu sun ba ni farashi kusan iri ɗaya. Kwatsam sai na ga talla a Facebook: irin motar da nake so, sabuwa fil, wata 36, amma abin biya a wata bai wuce rabin na waɗancan ba. Na yi magana da wakilinsu ta WhatsApp, mutum ne mai ladabi. Ya ce motoci uku suka rage, in tura kuɗin da za a riƙe mini ɗaya kafin ranar Juma'a, takardu kuma sai ranar karɓar mota. Yayana ya ce damfara ce, abokina ya ce kamfanoni kan yi irin wannan rangwamen. Matata ta riga ta sa rai. Ina tsoron asara, ina kuma tsoron kada rabona ya wuce ni. Yaya zan yi?

Wani mai karatu

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a wannan aiki.

Bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka tura ko sisi kafin Juma'a, ko bayan Juma'a, matuƙar ba ka ga cikakkiyar yarjejeniya a rubuce ba. Sauran bayanin za ka iya bin sa a tsanake.

Yayanka da abokinka kowa ya kama wani gefe na gaskiya. Ana yin rangwame na gaske a wannan harkar, ana kuma yin damfara. Sai dai akwai abu na uku da ba su ambata ba, wanda a ganina ya fi waɗannan biyun yawa: kamfanin na gaske ne, motar ma tana nan, amma lambar da aka buga da manyan haruffa a talla yanki ce kawai na abin da za ka biya. Ba za ka iya bambance ukun nan ba sai ka san daga ina kuɗin wata-watan yake fitowa, don haka ka yi haƙuri mu ɗan yi lissafi.

Duk sabuwar mota tana fara zubar da daraja tun ranar da ta bar wurin dillali, kuma a shekarun farko ta fi zubewa. Mai haya wannan zubewar yake biya. Kamfani zai ƙiyasta abin da motar za ta yi a kasuwa ranar da za ka mayar, ya cire shi daga farashinta na yau, ya raba bambancin a kan watannin hayar, sannan ya ɗora ribar kuɗinsa da ya ɗaure a jikin motar. Ga misali, lambobin nawa ne na ƙirƙira don sauƙin lissafi, ka ɗauke su da kowane irin kuɗi ka ga dama. A ce motar 30,000 ce yau, an ƙiyasta bayan wata 36 za ta yi 18,000. Ta zubar da 12,000 ke nan, wato 333 a wata. Idan kuɗin ruwan da aka ɗora kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, a kan matsakaicin darajar motar a tsawon hayar, wato 24,000, zai kama kusan 120 a wata. Jimilla 453, kafin haraji. Wannan shi ya sa kamfanoni biyun farko suka ba ka farashi kusan ɗaya: mota ɗaya suke kallo, lissafi ɗaya suke yi.

To yanzu wani ya zo ya ce maka 229. Tazarar 224 ce a wata, a wata 36 ta haura 8,000. Motar ba za ta fasa tsufa ba don an buga talla. Dole wani ya biya wannan 8,000, kuma tambayar da zan so ka riƙe har ka gama da mutumin nan ita ce: wane ne zai biya?

Wani lokaci kamfanin da ya ƙera motar ne yake biya, kuma nan ne abokinka yake da gaskiya. Manyan masu ƙera motoci suna da nasu rassan ba da bashi da haya, irin su Toyota Financial Services da Ford Credit. Idan wata mota ta ƙi fita, ko sabon samfuri yana tafe ana son a kwashe na bara, sukan rage kuɗin ruwa, ko su ɗaga ƙiyasin darajar ƙarshe, ko su zuba rangwame kai tsaye. Gwamnati ma takan shigo. A Amurka, har zuwa ƙarshen Satumbar 2025, akwai sassaucin haraji da ya kai dala 7,500 a kan motocin lantarki, kamfanonin haya da dama suka riƙa sauke shi a kan farashin wata-wata, mutane suka samu haya mai arahar ban mamaki kuma ta halal. Amma irin wannan rangwamen ba ya ɓuya. Za ka same shi a shafin kamfanin da ya ƙera motar, da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma kowane dillalinsu ya san da shi. Da akwai shi a kan motar da kake so, da kamfanoni biyun da ka fara tambaya sun ambata, don su ma ciniki suke nema. Shirun da suka yi shi ne abu na farko da ya sa ban natsu da wannan tallar ba.

Sau da yawa kuwa kai ne za ka biya, tun a ranar farko. Koma ka buɗe tallar, ka duba ko akwai 'yar tauraro kusa da lambar, ka faɗaɗa hoton ka karanta ƙananan rubutun da ke can ƙasa. A nan ake ajiye kuɗin kafin alƙalami. A Ingila sukan rubuta shi kamar haka: 9+35, ma'ana za ka zube kuɗin wata tara a dunƙule tun farko, sannan ka bi da wata 35. A wasu wuraren a rubuta adadin da za a biya ranar sa hannu. A misalinmu, in aka karɓi 4,000 a hannunka tun farko, an ɓoye 111 ke nan daga kowane wata. Ba a rage maka komai ba, an dai canza ranar biya. Ban da wannan akwai kuɗin buɗe yarjejeniya, kuɗin takardu, rajista, haraji, wani lokaci da kuɗin kawo mota. Hanyar gwada farashi biyu guda ɗaya ce: ka tara duk abin da zai fita daga aljihunka daga ranar farko zuwa ranar mayarwa, ka raba da yawan watanni. Lambar da ta fito ita ce farashin gaskiya, ita za ka jera da na waɗancan kamfanonin.

Akwai wani haɗari a zuba kuɗi mai yawa tun farko wanda dillalai ba su cika faɗa ba. Idan Allah ya kawo tsautsayi motar ta lalace gaba ɗaya, ko aka sace ta a wata na huɗu, inshora mai motar za ta biya, wato kamfanin, kuma yawanci abin da ka zuba tun farko ya tafi ke nan. In kuma abin da inshora ta biya bai kai abin da kamfanin yake bi ba, kai za a waiwaya, sai in yarjejeniyar tana ɗauke da inshorar cike giɓi. Ka tambaya ko tana ciki.

Inda na fi jiye maka kuwa shi ne ƙarshen hayar, saboda wata magana da ka faɗa a wuce: kilomita 40. Kusan kowace yarjejeniyar haya tana da iyakar tafiya a shekara, kuma hanya mafi sauƙi ta rage farashin talla ita ce a gina shi a kan iyaka ƙarama. A Amurka abin da aka saba gani mil 10,000 ne zuwa 15,000 a shekara, amma talla mai neman jan ido takan sauko ƙasa da haka. Kai fa zuwa da dawowa kilomita 80 kake yi a rana. Kwana biyar a mako, mako 48 a shekara, ka yi 19,200 ba ka kai iyali ko'ina ba, ba ka je ziyara ba. A ce tallar a kan kilomita 10,000 a shekara aka gina ta. A shekara uku ka zarce da 27,600, kuma kowace kilomita ɗaya tana da tararta a rubuce. In tarar 0.15 ce a lissafinmu na misali, ranar mayar da mota za a miƙo maka takardar 4,140. Haɗa da 4,000 na ranar farko, ka ga 8,000 ɗin nan ta dawo, ba tare da kowa ya yi maka ƙarya ba.

Ranar mayarwa ma tana da nata sha'anin. Mai duba mota zai zagaye ta da ma'auni da kyamara, ya durƙusa ya auna zanen taya, ya shafa ƙofa yana neman lotsawa, ya leƙa kujerun baya ko yara sun zubar da wani abu, ya duba gilashi ko tsakuwa ta fasa shi, ya nemi makulli na biyu da littafin sabis. Wasu kamfanonin da katin banki suke gwaji: ƙarzanen da kati ya rufe a yafe, wanda ya fi kati a caje ka. Bayan haka da yawa suna da kuɗin karɓar mota da za ka biya ko da ka mayar da ita tsaf. Duk wannan a rubuce yake a yarjejeniya ta ƙwarai. Ka kuma nemi layin da ya faɗi wanda zai ɗauki asara in motar ba ta kai darajar da aka ƙiyasta ba. A hayar da aka fi ba wa ɗaiɗaikun mutane, kamfani ne yake ɗauka. Akwai wata iri da ake ɗora wa mai haya, kuma a irin wannan babu abin da ya fi sauƙi kamar a kumbura ƙiyasin, wata-wata ya yi araha, a ƙarshe a ce ka cika.

Sauran dabarun ba sai na daɗe a kansu ba. Hoton na babban samfuri ne, farashin na ƙaramin. Ko farashin na wanda tarihin bashinsa ya fi na kowa kyau ne, kai sai an bincika a ce ba ka cancanta ba. Ko motar da aka yi tallar "an sayar da ita jiya", amma ga wata da ta ɗan fi tsada.

Sai amsa ta ƙarshe, wadda yayanka yake tsoro: babu wanda zai biya 8,000 ɗin, domin babu motar. Ba zan yanke wa mutumin hukunci ba, amma abubuwa uku da ka lissafa da kanka, wato motoci uku suka rage, a biya kafin Juma'a, takardu sai daga baya, su ne ainihin kayan aikin 'yan damfara, kuma cinikin biri a sama ake gayyatarka. Ladabinsa kada ya ruɗe ka, wanda zai karɓi kuɗinka ai ba zai fara da zagi ba. Gaskiya ne kamfanonin ƙwarai ma sukan karɓi ɗan kuɗin riƙe mota, amma bayan sun ba ka farashi a rubuce, da rasit mai sunan kamfani, da bayanin ko ana mayar da kuɗin in cinikin bai faɗa ba. Wanda ya ce takarda sai ranar karɓa ya juya tsarin ne. A Amurka tun 1976 akwai dokar da ta tilasta wa mai ba da haya ya bayyana a rubuce, kafin sa hannu, abin da za a biya a ranar farko, yawan biyan wata-wata da jimillarsu, da sharuɗɗan fita kafin lokaci. A Ingila dillalan irin wannan hayar suna ƙarƙashin FCA, hukumar sa ido kan harkokin kuɗi, wadda take da rajistar da kowa zai iya dubawa a intanet. Ko a ina kake, kamfani mai gaskiya ba ya jin nauyin nuna takardarsa, ita ce ma kariyarsa.

Ka lura da sunan asusun da ya ce ka tura kuɗin. In sunan mutum ne ba na kamfani ba, magana ta ƙare. In ya ambaci sunan kamfani sananne, kada ka kira lambar da ya ba ka ko ka bi adireshin intanet da ya turo, domin kwaikwayon shafi da tambari abu ne mai sauƙi a yanzu. Nemo lambar kamfanin da kanka ta wata hanya, ka kira ka tambaya ko sun san wannan wakilin da wannan farashin. Ka nemi lambar shasin motar da za a riƙe maka, haruffa da lambobi 17 ne a tsarin da ake bi tun 1981, ka ce kana son ka je ka gan ta ido da ido ka gwada lambar da wadda ke jikinta. Gani ya kori ji. Motar da take nan tana da lamba, tana kuma da inda aka ajiye ta.

Akwai kuma wata damfarar da ta fi wannan ciwo, domin a cikinta har makulli za a ba ka. Mutum ya karɓi mota haya ko bashi daga kamfani, ya juya ya ba ka ita haya da araha ba da izininsu ba, yana karɓar kuɗinka yana ƙin biyan nasu. Wata rana ka fito ka tarar masu ita sun ɗauke abarsu, kai kuma ba ka da takardar da za ka nuna musu. Saboda haka ka duba sunan da ke kan takardun mallakar motar, ya zama shi ne sunan da ke kan yarjejeniyarka. In kuwa sauya hannu za a yi daga wani mai haya zuwa gare ka, sai da amincewar ainihin kamfanin a rubuce.

Wani abu a gefe, in yana cikin damuwarka: yawancin wannan hayar tana ɗauke da kuɗin ruwa a cikinta ko da ba a kira shi da sunansa ba. Wasu kamfanonin sukan rubuta shi da 'yar ƙaramar lamba irin 0.0025, in ka ninka ta da 2,400 za ka samu kimanin kason shekara, wato kashi 6 a nan. Bankunan Musulunci suna da tsarin ijara, wato haya bisa ƙa'idar shari'a, in kana son kwatantawa ka nemi takardarsu ita ma ka karanta ta da irin wannan idon, don iyakar tafiya da tara ba su san sunan tsari ba.

Yanzu in faɗa maka abin da ba ka tambaya ba. Ko da wannan tallar ta zama gaskiya, ban tabbata haya ce ta dace da kai ba. Haya ta fi yi wa mai gajeriyar tafiya daɗi, wanda ya san inda zai kasance nan da shekara uku. Kai tafiyarka doguwa ce, aikin kuma shekararsa ɗaya. Fita daga yarjejeniyar haya kafin lokaci yana cikin abubuwa mafi tsada a harkar mota, wani lokaci sai an nemi babban kaso na watannin da suka rage, ga mota an karɓe. In aka sauya maka wurin aiki ko albashi ya yi tangarɗa a wata na goma, ba za ka iya sayar da ita ka huta ba, don ba taka ba ce. Sannan kamfani zai wajabta maka cikakkiyar inshora, wadda ta fi ta gama-gari tsada, ka sa ta a lissafi. Ni da zan zaɓa maka, da na ce ka jera mota mai shekara uku ko huɗu, wadda wani ya riga ya biya mafi zafin faɗuwar darajarta, kusa da waɗannan farashin kafin ka yanke shawara, ka kuma kai makanike ya duba ta.

Maganar maiɗakinka kuwa, kada ka bari sai Juma'a ta wuce sannan ta ji. Ku zauna yau da biro da takarda ku yi lissafin kilomitan nan tare. Wanda ya ga lambobin da idonsa ba ya ganin kamar an hana shi abu ne, kuma ba za ka shiga ciniki kana jin kunyar komawa gida hannu rabbana ba. Wannan kunyar tana sa mutane tura kuɗi fiye da yadda kwaɗayi yake sa su.

Ga abin da za ka rubuta wa wakilin, a rubuce ba a waya ba: "Ina da sha'awar motar. Kafin in biya komai, a turo mini cikakkiyar yarjejeniya mai ɗauke da jimillar abin da zan biya ranar farko, iyakar kilomita a shekara da tarar zarce ta, kuɗin mayarwa, sharuɗɗan fita kafin lokaci, sunan kamfanin da ya mallaki motar, lambar shasinta, da adireshin da zan zo in gan ta." Kada ka tura masa hoton katin shaidarka ko bayanan bankinka tukuna, waɗannan ma abin sata ne.

In ya turo, ka yi lissafin da na nuna maka a kan kilomita 20,000 zuwa 22,000 a shekara, ba a kan iyakar tallarsa ba, ka kai takardar wurin kamfanoni biyun farko ka ce su ba ka nasu farashin a kan wannan iyakar. In har bayan haka nasa ya ci gaba da zama mafi araha, kuma ya iya gaya maka daga ina rangwamen ya fito ka tabbatar da shi a wurin masu ƙera motar, to bismillah, ka biya a ofishinsu, da kati in zai yiwu, don ya fi tura kuɗi kai tsaye sauƙin bin sawu. In kuwa ya amsa da cewa wani yana jiran motar ka hanzarta, ko ya rage kuɗin riƙewar don ya sauƙaƙa maka, ko ya yi shiru, ka ɗauki hoton hirarku da na tallar, ka kai rahoton shafin ga Facebook, ka toshe lambar.